Ko kula da muhalli zai cinye ribar kamfani?

Malam, ka tambaya ko kamfani zai sa kula da muhalli cikin tsarinsa riba ba ta ragu ba. Dubi Unilever, babban kamfanin nan mai yin kayan masarufi irin su sabulu. Da Paul Polman ya karɓi shugabanci a 2009, ya daina ba masu hannun jari hasashen riba duk wata uku. A ganina nan dabarar take: manajan da ake tsarewa da lissafi kowane wata uku ba zai sayi injin da ke rage shan wuta ba, tunda yana daɗewa kafin ya mayar da kuɗinsa. A 2010 suka yi alƙawarin rage ɓarnar kayansu ga muhalli da rabi. Ba duka suka cika ba fa.