Dukan yaro ɗan shekara 4, mi shari'a ta ce?

Tambaya daga wata baiwar Allah a unguwar Mabera, Sakkwato: Malam dan Allah yarona shekararshi 4, rigima kamar mi, in an hana mai abu sai birgima da ihu, yana cizon ƙanwarshi, har na kai ina zane shi da wayar caja kuma in raina ya ɓaci ina zaginshi. Ina da laifi?

Amsa: Allah shi shirya miki shi. Dukan ɗan shekara 4 da wayar caja bai halatta ba, ki daina. Sallah fa, da ita ce ginshiƙin addini, hadisin Abu Dawud cewa ya yi a umurci yara da ita suna da shekara 7, ba a yi zancen duka ba sai a 10, shi ma malamai sun ce mara cutarwa kuma ban da fuska. To ina ga wanda alƙalami bai hau kanshi ba? Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunshi ba.

Zagin ya fi tayar min da hankali wallahi. Muslim ya ruwaito daga Jabir, Annabi ya hana yi wa 'ya'ya mugun baki kada a dace da lokacin amsa addu'a. Bakin uwa kaifi gare shi, in ranki ya ɓaci ki ce Allah shirya, ki kuma yi istigfari kan abin da ya wuce.

Amma ba a ce ki zura mai ido ba. Da Hasan jikan Annabi ya sa dabinon sadaka a bakinshi, Annabi sa shi ya yi ya tofar, kuma ya gaya mai dalili. In yaronki ya ciji ƙanwarshi ki duƙa daidai tsawonshi, ki riƙe hannunshi ki ce a'a, ki ɗauke shi daga wurin, kullum haka, ba yau hani gobe dariya ba. In birgima ce kada ki ba shi abin don ya yi shiru, in kin ba shi ya gane kenan kuka na biya. Ki lura ko yunwa ce ko barci ko zafin garin nan namu, sau da yawa kuma kishin ƙanwa ne, ki ware mai lokacinshi shi kaɗai. Babanshi ma ya sa hannu bakinku ya zo ɗaya.

In kuma har yanzu baya magana sosai ko baya waigowa in an kira shi, ku kai shi wajen likitan yara a duba. Wallahu a'alam.