Amsa ga Hajiya kan maganar gina sababbin ajujuwa a firamaren garinmu

(Wannan muryar da Malam ya turo ce daren jiya. Na rubuta ta saboda waɗanda suka ce datarsu ba za ta iya buɗe ta ba.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba Alhaji, barka da dare, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Shugaba, ma'aji, iyayenmu mata da sauran 'yan uwa, ina gaishe ku. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo. Na fara rubutawa na ga yatsa ba zai iya ba.

Hajiya, na ga bidiyon da kika saka, yara zaune a ƙasa, rabin aji sama a buɗe, sauran suna ƙarƙashin darbejiya. Na kuma ji shawararki, cewa kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a ba ɗan kwangila ya gina mana ajujuwa biyu sababbi kafin azumi. Kin ce in faɗi ra'ayina tunda na taɓa shiga irin wannan aiki a ƙauyen kakannina na wajen uwa. To Allah ya saka miki da alheri, don ke kika tashe mu daga barci. Amma Hajiya, da girman kujerarki, ni ban goyi bayan a fara da sabon gini ba, kuma ban goyi bayan ɗan kwangila ba. Bari in ba ku labarin yadda muka ƙone hannu, sai ku yi hukunci.

Mu ma haka muka fara, hoto aka turo, zuciya ta tashi. Muka tara kuɗi cikin sati uku, muka ɗauki mai fenti da kafinta daga birni, aka je aka shafe bango, aka zana taswirar Najeriya da haruffa, aka lilliƙe kwanon da ya ɓuɓɓule, aka kai benci. Muka yi taro, aka ci shinkafa, aka ɗau hoto. Wallahi ranar ji nake kamar mun gama da jahilci a duniya. Iskar farkon damina guda ɗaya, guda ɗaya tak, ta ɗauke rufin nan gaba ɗaya ta ajiye shi a gonar wani bawan Allah. Da muka koma muka duba, ashe katakon da ke ƙarƙashi gara ta gama da shi tuntuni, ƙusa ba ta da abin kamawa. Mun bar jaki muna dukan taiki.

Asarar kuɗin ba ta dame ni ba kamar maganar da wani dattijo ya faɗa mana. Muna tsaye muna salati, ya ce, ai mun san zai tashi, duk shekara daga gabas take zuwa ta bugi wannan kusurwa. Na ce, Baba, me ya sa ba ku faɗa ba? Ya ce, wa ya tambaye mu? Kun zo da motocinku, kun yi abinku, mun yi muku godiya.

To kun ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma tun daga ranar mutanen garin suke kiran wurin "makarantar 'yan birni". Da can makarantar gwamnati ce, yanzu ta zama tamu, ba ta taɓa zama tasu ba. Abin da ba naka ba kuwa, ko awaki sun kwana a ciki ba za ka tashi da dare ka kore su ba. Bencin da muka kai, wasu an are su zuwa gidan biki ba su dawo ba, wasu sun karye an hura wuta da su.

Shekara ta zagayo muka sake shiri. Wannan karon ba mu je da ko buhun siminti ɗaya ba. Muka sauka gidan dagaci, aka kira liman, masu unguwanni, hedimasta, shugabar mata da shugaban samari. Akwai kwamitin da gwamnati ta tanada a kowace firamare, wanda ake kira SBMC, na iyaye da malamai da masu faɗa a ji na gari. A takarda yana nan, amma wasu da sunansu ke ciki ba su ma san suna ciki ba. Shi muka farfaɗo da shi. Muka ce su faɗa mana abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya.

Hajiya, kin san me mata suka fara faɗa? Ba aji ba. Ban ɗaki. Suka ce yarinya in ta kai aji biyar, ta fara zama mutum, ba za ta tsuguna a bayan aji samari na wucewa ba, gara ta ɗauki farantin talla. Maza kuma suka ce malami. Suka ce ko gidan sama kuka gina mana, in ba malami, ɗakin ajiyar kara kuka gina. Wannan magana ta zauna mini.

Don ku duba lissafin. Malamin da aka turo ƙauye yawanci a cikin gari yake zaune. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin acaba zuwa da dawowa ya cinye wani babban kaso na albashinsa. Sai ya riƙa zuwa Litinin da Laraba, sauran kwanakin Allah ya kyauta. Ni na yi koyarwa, ba zan zage shi ba, na san abin da ke cikin aljihunsa. A tsarin ilimi na ƙasa an ce malami ɗaya yara 35 a firamare. Ku je ku ƙirga na garinmu ku dawo mu yi magana. Abin da ya taimake mu a can shi ne, a cikin garin akwai samari da 'yan mata masu takardar shaidar malanta ta NCE suna zaune ba aiki. Muka ɗauki uku, muna ba su ɗan alawus duk wata, ba albashi ba ne, na sabulu ne. Su ba sa biyan kuɗin mota, kuma in ba su zo ba uwar yaro ta san ƙofar gidansu. Muka kuma gyara wani ɗaki kusa da masallaci don malamin gwamnati ya riƙa kwana daga Lahadi zuwa Juma'a. Saboda haka duk abin da za mu tara, a ware na alawus na aƙalla shekara biyu tun kafin a sayi ƙusa. Ranar da alawus ya tsaya ba sanarwa, ranar amana ta karye.

Sai maganar ginin kansa. Ajujuwan garinmu na da, Baba Alhaji zai gyara mini in na yi kuskure, na zamanin shirin karatun firamare kyauta ne, wato UPE, 1976, lokacin Obasanjo yana soja. Irin waɗannan gine-gine da yawansu bangonsu na nan da ƙwari, don lokacin ba a ha'incin siminti kamar yanzu. Abin da ke mutuwa rufi ne, da daɓe, da ƙofa da taga. Kuɗin da zai gina aji biyu daga tushe zai iya tayar da huɗu ko biyar da ke tsaye ba rufi. Shi ya sa na ce a samu magini mai tsoron Allah, da injiniyanmu na cikin wannan zaure, su je su ƙwanƙwasa bangon nan su gani. In tsagewar ta taso daga tushe ce, to a rushe, kada mu rufa wa 'ya'yan mutane kabari. In ta sama ce, a ɗaure a ci gaba.

In an zo rufi, don Allah kada a yi rowa a nan. A sayi katako mai kyau, mu a 'Yan Katako na Na'ibawa muka saya, rodi da ƙusa kuma a Ƙofar Ruwa, kuma mutum biyu suka je, ba ɗaya ba. A jiƙa katakon da maganin gara da baƙin mai kafin a hau da shi. A ɗaure shi da langalanga a cikin bango, ba a ɗora shi kawai ba. A yi rawani a kewaye don iska ta rasa inda za ta sa hannu. Kwanon nan mai arha da yake kamar takarda, a bar shi. Taga a yi ta ƙarfe, gilashi ba ya wata guda a firamare. Daɓe kuma a zuba masa siminti da tsakuwa yadda ya kamata, don in ya farfashe ƙurar nan ce yara ke shaƙa, ga tari, ga kaska da kunama. A ɓangaren gabas a shuka darbejiya layi guda, kowane aji a ba shi bishiyoyinsa yana ba su ruwa.

Wannan duka ba sai da ɗan kwangila ba. Yashi yana rafi, masu amalanke za su kawo. Ruwa samari za su ɗebo. Buga bulo da leburanci aikin gayya ne, mata su dafa abinci, mu namu siminti, kwano, katako da kuɗin magini da kafinta. Ba wai don a rage kuɗi kawai ba. Wanda ya ɗauki kwanon kankare a kansa ba zai ga yaro na jifan rufin ya yi shiru ba. A can har muka roƙi liman ya mayar da Islamiyyar yamma cikin ajujuwan, sai wurin ya daina zama kango da rana ta faɗi. Mabuɗi ɗaya hannun hedimasta, ɗaya hannun malamin Islamiyya.

Lokaci ma abin dubawa ne. Da damina kowa na gona, ba wanda zai kula ka. Da kaka ana girbi. Da an kai amfani gida kuwa, akwai ɗan tsakani kafin samari su watse cin rani, wajen Disamba zuwa Janairu, nan ne gayya take yiwuwa. Sai dai hunturu na busar da siminti da wuri, dole a sa mai ba gini ruwa safe da yamma. Kuma a gama rufi kafin hadarin farko.

Yanzu ga ƙanena da ya rubuta cewa wannan aikin gwamnati ne, me ya kai mu. Ƙanena, gaskiyarka, ban musa ba. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne. Gwamnatin tarayya tana ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, amma jiha ba ta ɗaukar kason gini sai ta ajiye nata kwatankwacinsa, shi ya sa kuke jin ana cewa biliyoyi na kwance a Abuja ba a karɓa ba. A nan Kano ma an ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Duk mun ji. Amma yaron da ke aji ɗaya yau, in muka ce sai layi ya zo kanmu, zai yi gemu yana jira. Ni abin da na gani shi ne a yi biyun. Mu rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kwafi zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, da sa hannun dagaci da hedimasta. Na farko, makarantar tasu ce, ba a sa hannu a ginin gwamnati sai da izini, kada gobe a ce mun yi shisshigi. Na biyu, in ka je ofis ka ce ga rufi mun yi, ga ban ɗaki mun yi, malami biyu muke roƙo, ana jin kunyarka fiye da wanda ya zo hannu rabbana. Kuma a nemi a fitar da iyakar filin makarantar a rubuce, don na lura a bidiyon Hajiya gero ya shigo har inda muke buga ƙwallo muna yara. Ban kira sunan kowa ba.

Af, na kusa mantawa. Wani ya ce zai ba da zakkarsa. Allah ya karɓa, amma a tambayi malamai tukuna. Mutum takwas Alƙur'ani ya lissafa a Suratut Tauba, kuma abin da muka karanta a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gini da kuɗin zakka. Gini sadaka mai gudana ce, ƙofarta daban. Zakkar a iya ba iyayen marayun garin su ɗinka musu kayan makaranta. Baba Alhaji ya fi ni sani a nan.

Sai kuɗi. Ma'aji, kada ka ji komai, ba kai nake nufi ba, kariya ce gare ka. Kada a tara a asusun mutum ɗaya. A buɗe na ƙungiya, sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu mazaunin garin. Duk abin da aka saya a ɗauki hoton rasit a saka nan a ranar. Siminti ya wuce naira dubu goma a farkon 2024 muna kallo, farashin safe daban na yamma daban, saboda haka da kuɗi sun taru a saye kaya a ajiye a gidan dagaci, kada a bar su a banki suna narkewa. Kuma in ɗan siyasa ya kawo gudummawa a karɓa a yi masa addu'a, amma ba za a shafa wa bango launin jam'iyya ba, ba kuma za a rubuta sunan kowa ba. Mu a can wannan ya kusa raba mu, har wani ya fita daga zaure sai da aka bi shi gida.

Hajiya, kuɗin da kika yi alkawari kada ki mayar da su jaka, muna so, a riƙe su tukuna. Shugaba, in ka amince, ranar Asabar mai zuwa ni zan je, ba ranar kasuwa ba ce, za a samu mutane a gida. Ina neman mutum uku, kuma lalle a samu mace ɗaya a ciki, don matan garin ba za su faɗa mini abin da za su faɗa mata ba. Injiniya, ka taho da tef ɗinka na awo. Motata ba ta da lafiya, wanda zai ba da tasa ni zan zuba mai. Baba Alhaji, kai za ka kira mana dagaci tun ranar Alhamis, don kada mu faɗa masa kamar daga sama. Wassalamu alaikum.