Kuɗin agaji bayan guguwar teku: asara ne?

Malam, ka tambaya ko kuɗin da ake kashewa kan agajin gaggawa bayan mahaukaciyar guguwar teku yana biyan kansa. Yana biya, sai dai lissafin da wuya, domin ribar ita ce asarar da aka hana aukuwa, ita kuwa ba ta shiga littafin akanta.

Dubi Bangladesh. Guguwar 1970 ta hallaka mutum wajen 300,000. Bayan an gina mafaka, an horar da 'yan sa-kai masu shela, waɗanda guguwar Sidr ta kashe a 2007 ba su kai 4,000 ba a ƙididdigar hukuma. Kowane magidanci da ya tsira, gona ce ko kwale-kwalen kamun kifi da bai tsaya ba.

Da guguwar Idai ta afka wa birnin Beira a Mozambik a 2019, kwalara ta biyo baya, aka garzaya da rigakafi. Wannan ya fi jinyar gari guda araha nesa ba kusa ba.

Mu a Kano teku ta yi mana nisa, amma ka tambayi 'yan Kantin Kwari abin da ambaliyar 2022 ta ci musu na atamfa da shadda kafin a janye ruwan.