Tambaya da Amsa: Cutar huhun da ke ɓoye a bututun ruwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni ne ke kula da wani masaukin baƙi mai ɗakuna 40 a Kaduna, kuma idan kasuwa ta ja baya, hawa na uku yakan yi wata biyu a kulle. Kwanan baya wani baƙo da ya saba zuwa Turai ya tambaye ni rabon da mu wanke tankunanmu, ya ce akwai wata cutar huhu da ake ɗauka a wurin wanka, kuma wai ƙaruwa take yi a manyan gine-gine. Ruwanmu na burtsatse ne, garai-garai yake, ba wari ba launi. Shin maganarsa tana da tushe, ko kuwa cutar Turawa ce da ba ta shafe mu ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Baƙon naka gaskiya ya faɗa, kuma hawan nan na uku da ka ambata shi ne ya fi ɗaukar hankalina a cikin wasiƙarka.

Sunan cutar, wato Legionnaires' disease a Turance, ya samo asali ne daga wani taro da ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka mai suna American Legion ta yi a wani babban otel na birnin Filadelfiya a watan Yulin 1976. Bayan an watse, mutum 221 suka kwanta da matsanancin ciwon huhu, 34 daga cikinsu suka rasu, aka kuma yi watanni ana laluben dalili, har sai a watan Janairun 1977 da Joseph McDade na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya gano wata bakteriya da ba a san ta ba, wadda aka raɗa wa suna Lijiyonela. Ƙwayar tana rayuwa a koguna da tafkuna ba tare da ta cika cutar da kowa ba. Ɓarnarta takan fara ne idan ta shiga tanki da bututun gini, ta tarar da ruwa mai ɗumi wanda ya kwanta, da tsatsa, da yauƙin nan da ke manne wa cikin bututu, wanda shi ne mafakarta daga sinadarin kulorin.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, mun saba auna lafiyar ruwa da ido da harshe, alhali wannan cuta ta hanci take shiga. Idan aka buɗe shawa, ruwan yakan fashe ya zama ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, mai wanka ya shaƙe su har cikin huhunsa. Saboda haka ruwan da ka sha ka kwana lafiya, shi ne kuma zai iya kwantar da wanda ya yi wanka da shi. Haka lamarin yake a hasumiyoyin sanyaya ruwa da ake ɗorawa a saman manyan gine-gine, waɗanda iska ke kwasar feshinsu ta watsa a unguwa. Irinsu ne suka haddasa annobar birnin Mursiya na Sifaniya a 2001, inda aka tabbatar da masu cutar fiye da 400, da ta unguwar Bronx a birnin New York a 2015, wadda ta kama mutum 138 ta kashe 16, har ta sa hukumomin birnin suka wajabta yi wa kowace irin wannan hasumiya rajista da dubawa.

Maganar ƙaruwa ma haka take. A Amurka, adadin da ake kai rahotonsa ya ninka kusan sau tara tsakanin 2000 da 2018, shekarar da aka samu kusan mutum 10,000. Wani ɓangare na wannan hauhawa ya zo ne daga yawaitar gwaji, amma akwai tsufan bututu, da ƙaruwar tsofaffi da masu shan magungunan da ke rage garkuwar jiki, da kuma ɗumamar yanayi. Rufe otel-otel da ofisoshi a lokacin korona ya ƙara fito da matsalar fili, domin ruwa ya yi watanni yana kwance a bututu. Hawanka na uku, ka ga, kullen korona yake yi duk lokacin da baƙi suka yi ƙaranci.

Game da ko ta shafe mu, ƙwayar tana hayayyafa ne tsakanin digiri 20 zuwa 45 a ma'aunin Selshiyas, kuma ta fi jin daɗin ɗumin da ya yi kusa da na jikin ɗan'adam. Duk wanda ya taɓa buɗe famfo da azahar a watan Afrilu, ruwan baƙin tankin roba da ke saman rufi ya zubo masa a hannu, ya san cewa abin da muke kira ruwan sanyi a bazara ruwan ɗumi ne. Ga shi kuma ruwan burtsatse, saɓanin na hukumar ruwa, yawanci ba a zuba masa kulorin ko kaɗan. Ƙarancin jin labarin cutar a asibitocinmu bai isa hujjar babu ita ba, domin alamunta, wato zazzaɓi mai zafi, tari, sarƙewar numfashi, ciwon jiki, wani lokaci da gudawa da ruɗewa, sun yi kama da na maleriya ko taifot ko sauran nau'o'in nimoniya, kuma sai an yi gwaji na musamman, galibi na fitsari, ake bambance ta.

Abin da zan ba ka shawara a kai bai kai kuɗin da kake tsoro ba. Na farko shi ne hita. Akwai ɗabi'ar rage zafinta zuwa ɗumi-ɗumi don a rage kuɗin wuta ko man janareta, kuma a ganina babu tattalin da ya fi wannan tsada, domin daidai zafin da ƙwayar ke so ke nan aka tanadar mata. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya ita ce a ajiye ruwan zafi a digiri 60, ya kuma iso bakin famfo bai gaza 50 ba, sai dai a kula da yara da tsofaffi kada ya ƙona su. Sannan duk mako a zagaya ɗakunan da ke kulle, a buɗe taga, a saki kowane famfo da shawa na ƴan mintuna a hankali yadda ruwan ba zai yi feshi ba, kuma kada a ba dattijo ko mai shan taba wannan aiki. Ka sa mai gyaran famfo ya kwance kan shawa guda a gabanka, ka shafa yatsa a cikinsa. Santsin da za ka ji da farin ɓawon da ya toshe hujojin su ne abin da ake nufi, kuma duk wata uku ya kamata a kankare su a jiƙa kan a ruwan kulorin. A yi wa tanki rumfa da murfi mai rufuwa sosai, a riƙa zubar da lakar da ke taruwa a gindinsa, a kuma yanke duk wani reshen bututu da aka toshe bakinsa bayan an yi gyaran gini, domin ruwan cikinsa ba ya motsi har abada.

TAMBAYA: Mahaifinmu yana da ciwon suga, kuma a ɗakinsa akwai na'urar sanyaya iska da ake zuba wa ruwa. Shin tana da haɗari, kuma mai jinya zai iya ɗaukar cutar daga majinyaci?

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mai jinya ya kwantar da hankalinsa, domin cutar ba ta saba bi daga mutum zuwa mutum ba. Iyakwandishan na gida da na mota ma ba sa amfani da ruwa wajen sanyaya iska, don haka ba su cikin lissafi. Na'urar da ake zuba wa ruwa ita ce ke son kulawa: a riƙa zubar da ragowar ruwan ana sake sabo, a wanke mazubin, a kuma bar ta ta bushe idan za a daɗe ba a kunna ba. Baba yana cikin waɗanda cutar ta fi yi wa illa, wato waɗanda suka haura shekara 50, masu ciwon suga ko na ƙoda ko na huhu, da masu shan taba, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma da suka kamu yakan rasu. Alamun sukan bayyana kwana 2 zuwa 10 bayan shaƙar ƙwayar, saboda haka idan ya yi zazzaɓi da tari bayan ya dawo daga tafiya ko ya kwana a otel ko asibiti, a gaya wa likita inda ya kwana. Wannan bayani yana sauya maganin da za a zaɓa, domin amoxicillin da ake yawan saya a kemis ba ya kashe wannan ƙwaya, sai irin su azithromycin ko levofloxacin, su ma bisa umarnin likitan da ya duba shi.