Tambaya da Amsa: Takardar sakin Bauchi a gaban rajistan Ingila

Assalamu alaikum, Barista. Ni bazawara ce a Bauchi. Tsohon mijina ya tafi karatu Ingila a 2021, ya zo hutun babbar sallah a 2023, ya rubuta mini saki ɗaya a gaban wana da ƙanin mahaifinsa, sannan ya koma. Na gama idda bai mayar da ni ba. Yanzu wani abokin wana da ke aiki a Manchesta ya fito, yana so in je can a ɗaura mana aure a ofishin rajista. Takardar hannun da ke wurina ta wadatar, ko sai na je kotu?

Wata baiwar Allah, unguwar Jahun, Bauchi

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ta fuskar addini babu sauran magana, domin saki ya auku, kin yi tsarki uku kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka fassara aya ta 228 a Suratul Baƙara, kuma bai yi kome ba. Amma jami'in rajista a Manchesta ba da Risala yake aiki ba, da dokar iyali ta ƙasarsu ta 1986 yake aiki, kuma a cikin wasiƙarki akwai jimla guda da kika faɗa a wuce, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai: cewa tsohon mijinki yana zaune a Ingila tun 2021.

Sashe na 46 na wannan doka ya raba sakin da aka yi a ƙasar waje gida biyu. Na farko shi ne wanda ya bi ta hannun kotu ko wata hukuma, kamar hul'in da alƙali ya yanke. Irin wannan ba ya wahalar karɓuwa, muddin ya inganta a ƙasar da aka yi shi kuma ɗaya daga cikin ma'auratan ɗan ƙasar ne ko mazauninta. Na biyu shi ne wanda miji ya furta ko ya rubuta a zaure ba tare da wata hukuma ta shiga ciki ba, wato irin naki, kuma tun a shekarun 1980 kotunansu suka yanke cewa tarin shaidu ba ya mayar da shi sakin hukuma. A kan wannan ne suka tsaurara sharuɗɗa. Dole ya inganta a inda aka yi shi, dole ƙasar ta kasance matabbatar ma'auratan a idon doka, sannan kada ya zama ɗayansu ya shafe shekara guda cur yana zaune a Birtaniya daf da ranar sakin. Sharaɗi na ukun nan ne ke neman kayar da ke. Mutumin da ya yi kusan shekara biyu a can, yana da ɗaki da makaranta, zuwansa hutun sallah na 'yan makonni ba ya yanke zamansa, kuma kasancewarsa ɗalibi ba ya hana a ƙirga shi mazauni. Idan haka lissafin ya fito, to, a wurinsu har gobe ke matarsa ce, komai kyawun rubutun da ke takardar.

Mutane da yawa za su ce miki ki je kotun shari'a kawai a ba ki takardar tabbatar da saki mai hatimi. Ki je, domin tana da amfani, kuma ta fi fallen littafin makaranta da aka ninke huɗu aka ajiye a ƙasan akwati ƙima a ko'ina. Sai dai ki sani cewa alƙali shaida kawai zai bayar a kan abin da ya riga ya faru a 2023, ba shi ne ya raba auren ba, don haka hatiminsa ba lallai ne ya fitar da sakin daga gida na biyu zuwa na farko ba. Kada kuma ki saurari mai ba ki shawarar a rubuta cewa hul'i aka yi, ko a ja ranar baya zuwa kafin tafiyarsa. Hatiman shiga da fita da ke fasfonsa suna nan, kuma ƙarya a takardar neman biza tana iya jawo a hana mutum shiga ƙasar har shekara 10.

Akwai tambayar da ya kamata ki amsa wa kanki kafin komai. Lokacin da yake shirin tafiya, kun je rajista kun yi auren kotu domin neman biza? Ma'aurata da dama a nan sun yi haka suka manta. In kun yi, saki na baki ko na takarda bai taɓa wannan auren ba ko a Nijeriya, domin dokar aure ta Nijeriya ta 1970 ta ce babbar kotu ce kaɗai ke warware shi. Za ki shigar da ƙara a babbar kotun jiha, kuma rabuwar shekara 2 ta isa hujja idan bai yi jayayya ba, ko shekara 3 ko da ya yi. Bayan hukuncin farko sai an jira wata 3 ya zama na ƙarshe. Abin mamaki, wannan hanya mai tsawo ita ce ta fi sauƙin wucewa a Ingila.

In kuwa ɗaurin auren masallaci kaɗai kuka yi, kuma har yanzu yana zaune a Ingila, ƙofar da ta fi tabbas ita ce kotun iyali ta can, wadda zamansa a ƙasar ya ba ta hurumin sauraron ki ko da kina Bauchi. Tun watan Afrilun 2022 ba a buƙatar ɗora wa kowa laifi. Ana jiran mako 20 kafin hukuncin farko, sannan mako 6 kafin na ƙarshe, wato aƙalla wata 6. Manemin naki ya ɗauki nauyin lauya a can, tunda shi ne mai gaggawa.

Na san wani zai ce a ɗaura a Bauchi kawai a huta. Auren zai inganta a shari'a babu shakka, amma ranar da za ki nemi bizar matar aure, da wannan sashe na 46 ɗin jami'in zai auna sakinki na farko, sai a tarar an ci kuɗin biki da na biza ana nan inda ake.

Kafin ki sayi tikiti ko ki karɓi lefe, ki sa wanki ya samo miki ainihin ranar da tsohon mijinki ya fara sauka a Ingila da tsawon hutun da ya riƙa zuwa, a haɗa da takardar sakin da fassararta ta Turanci da takardar kotun shari'a, a aika wa lauyan ya duba. Idan an nemi tantancewa, Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ce ke buga hatimi. A Ingila kuma ana sanar da niyyar aure kwana 28 kafin ranar, wanda ake iya tsawaitawa zuwa kwana 70 ga baƙi, sannan bizar ziyara ta gama-gari ba ta halatta a ɗaura aure da ita.