An yanke maka tara saboda fakin a wajen tsayawar bas? Ga abin da doka ta ba ka

Wani ɗan'uwa daga Hotoro ya turo min wannan tambayar: "Assalamu alaikum Barista. Na je wajen Kantin Kwari karɓar kaya, na ajiye motata a gefen titi, ban daɗe ba ina fitowa na tarar da jami'an hanya a kanta, wai wajen tsayawar bas ne ba a fakin a nan. Wallahi ban ga wani allo ba, masu tebur ne cike da wajen. Sun rubuta min takarda sun tafi da motata ofishinsu, sun ce sai na biya tara. Dan Allah akwai mafita ko in biya kawai in huta?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kiyaye gaba. Mafita akwai, amma bari in fara da abin da ba lallai ya yi maka daɗi ba. Wajen tsayawar bas ba don ado aka ware shi ba, idan motar mutum ɗaya ta tare shi to bas ko adaidaita sahu a tsakiyar kwalta zai sauke fasinja, tsohuwa da mai goyo su sauka cikin ababen hawa, bayansu kuma cunkoso ya haɗu, duk wanda ya taɓa bin titin IBB ko wajen Bata da yamma ya san abin da nake nufi. Don haka idan har da allo a wajen a tsaye kuma ana ganinsa, cewa "minti biyar kawai na yi" ko "ban san doka ba ce" ba ya fitar da mutum a gaban alƙali. Amma kai ka ce babu alamar da ake gani, to a nan ne shari'arka take, kuma magana ce mai ƙarfi idan ka iya tabbatar da ita.

Abu na farko ka ɗauko takardar nan ka karanta ta da kyau. Wace hukuma ce ta rubuta? A cikin birnin Kano yawanci KAROTA ce ke wannan aikin, hukumar jiha ce da aka kafa a 2012 zamanin Kwankwaso kuma da dokar jiha take aiki, amma akwai 'yan Road Safety da ke ƙarƙashin dokar tarayya ta 2007, akwai 'yan VIO masu duba lafiyar motoci, akwai 'yan sandan kula da hanya, kowa da dokarsa da yadda ake biyan tararsa. Ka duba an rubuta lambar motarka daidai, da rana da lokaci da sunan titin, da laifin da ake cewa ka yi, da sunan jami'in ko lambarsa. Sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a kama mutum da laifi ba sai in laifin da hukuncinsa suna rubuce a cikin doka. Kenan kana da haƙƙi ka tambaya cikin ladabi: ranka ya daɗe wane sashe na saɓa, kuma nawa doka ta yanka? Kuɗin da aka faɗa da baki kawai, yau a ce kaza gobe a ce kaza gwargwadon kyan motarka, wannan ba tara ba ce.

Na biyu, kuma wallahi a nan ne mafi yawan mutanenmu ke zubar da shari'arsu da hannunsu, shi ne hujja. Mutum zai tsaya a titi yana ɗaga murya har jama'a su taru, a yi ta "ka san ko ni waye", amma bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. Ka koma wajen yau ɗin nan, kar ka bari sai jibi don ana iya zuwa a kafa sabon allo ko a tashi masu tebur ɗin. Ka tsaya daidai inda motar take ka ɗauki hoto gaba da baya, sannan ka taka daga inda direba ke tahowa kana ɗaukar bidiyo yadda za a ga abin da idon direba ke gani. In akwai allon amma rumfa ta rufe shi ko ya faɗi ko fentin ƙasa ya goge, ka ɗauke shi a hakan, kar ka ɓoye, ai shi ne ma hujjar taka. Ka sa wani sanannen gini ko shago ya fito a hoton don kar a ce wani titin ne. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu cikin masu sana'a a wajen da suka ga abin da ya faru, ka karɓi lambarsu ka tambaye su ko za su iya tsayawa shaida. Rasit ɗin kayan da ka karɓa in akwai lokaci a jiki shi ma ka adana. Kuma kar ka goge hotunan daga wayar da ta ɗauka bayan ka tura wa wani ta WhatsApp, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana da sharuɗɗa kan hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta, ana haɗa ta da takardar shaida mai bayanin na'urar da ta ɗauka, lauya zai rubuta maka ita ba wahala.

Akwai kuma bambanci tsakanin wanda ya tsaya ya sauke mutum yana zaune a kan sitiyari da wanda ya kulle mota ya shige kasuwa. Kai na biyun ne bisa bayaninka, don haka kar ka je kana cewa tsayawa kawai ka yi, jami'an ma suna ɗaukar hoto yanzu, ƙarya ɗaya in an kama ta ta cinye duk gaskiyar da ke bayanta.

To da hujjar a hannu me za ka yi? Ka fara da ita hukumar. Ka rubuta takardar ƙorafi gajeriya zuwa ga shugabanta, ka faɗi abin da ya faru ba zagi ba ƙari, ka liƙa hotunan da kwafin takardar tarar, ka ce ba ka amince da laifin ba kana neman a soke tarar a sakar maka mota ko kuma a kai ka gaban kotu. Ka yi kwafi biyu a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Mutane na raina wannan matakin, ni kuwa shi nake fara ba kowa shawara, don jami'in da ke ofis da takarda a gabansa yana magana daban da wanda rana ta dafa a titi.

In ba su saurare ka ba sai kotu, ko majistare ko ta tafi-da-gidanka, wadda ita ma alƙali ne na gaske ke zama a cikinta ba jami'in hukuma ba. Za a karanta maka tuhuma a tambaye ka ka aikata ko ba ka aikata ba. Da yawa suna cewa sun aikata don kawai a gama da wuri, daga nan kuwa magana ta ƙare sai neman sassauci. In ka ce ba ka aikata ba, su ne za su kawo hujja, sashe na 36(5) na kundin tsarin mulki ya ce kai marar laifi ne har sai an tabbatar. Kana da damar neman lokaci ka shirya, da damar kawo lauya, da damar a ba ka tafinta kyauta in da Turanci ake yi kai kuma Hausa ka fi ji. Sai dai ka sani in ka faɗi za ka biya tarar, ga kwanakin da motar ta yi a ajiye.

Shi ya sa ga wanda motarsa ce abincinsa, ko a ofis ana lissafa masa kuɗin kwana, nakan ce ya biya ya ɗauki motarsa amma ya haɗa da wasiƙa a ranar cewa ya biya ne don a sakar masa mota ba don ya amsa laifi ba, kuma zai bi haƙƙinsa. Dawo da kuɗin da ya shiga asusun gwamnati yana da wuya, ban ɓoye maka ba, amma wasiƙar tana hana a ce ka amsa laifi da kanka. Biyan kuma ya zama ta banki ko hanyar da hukuma ta tanada da rasit mai sunan gwamnati. Dan Allah kar ka miƙa kuɗi a hannu a ce an yi sulhu, dokar ICPC ta 2000, wato dokar tarayya ta yaƙi da cin hanci, ta kama mai bayarwa da mai karɓa duka. In wani ya nemi ka ba shi na goro, akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano, ƙorafi a can ba sai da lauya ba.

Nasan wani zai turo maka hukuncin nan na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja na watan Oktoban 2024 da ya hana 'yan VIO kama mota da cin tara, ya ce maka ai yanzu babu mai ikon taɓa motar kowa. A yi hattara. Waccan shari'ar a kan hukumar VIO ta Abuja aka yi ta da dokokin da take aiki da su, Kano kuma tana da tata dokar da majalisar jiha ta yi. Lauya zai iya jingina da dalilan hukuncin a gaban alƙali, musamman batun cewa yanke hukunci aikin kotu ne, amma ba takardar da za ka nuna wa jami'i a titi ka ja motarka ba ce.

Idan kuma aka riƙe motar aka ƙi kai ka kotu aka ƙi sakinta, ko an lalata ta wajen ja, ko an taɓa lafiyarka, wannan ya wuce maganar fakin, ya zama tauye haƙƙi, sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya kare dukiyarka kuma sashe na 46 ya ba ka damar zuwa Babbar Kotu neman a sake ta har da diyya. Ƙarar diyya ta yau da kullum a kan jami'in gwamnati tana da wa'adin wata 3, kuma hukumomi da dama sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara, don haka in abin ya kai nan kar ka zauna kana jiran wani babba ya yi maka waya, ka ga lauya cikin satin nan, in babu hali ka je ofishin Legal Aid Council na Kano, wato hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta, ka yi musu bayani. Ranar da za ka karɓi motar ka zagaya ta a gabansu ka duba bamba da fitilu da tayoyi da kayan da ka bari a ciki, ka ɗauki hoto kafin ka sa hannu a kowace takarda.