Tafiyar keke a ƙasar tuddai da koguna: ta ina ya kamata hanya ta bi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni da abokina mun saba tafiya mai nisa a keke, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mukan yi kilomita 80 a wuni ba tare da mun galabaita ba. Yanzu muna shirin tafiyar kwana biyar a wani yankin karkara mai tuddai da dazuzzuka da koguna, da kayan kwananmu a kan kekunan. Mun zana hanya a taswirar waya, mun ɗauki wadda ta fi kusa tsakanin garuruwan da za mu kwana, kullum kilomita 80. Wannan tsari zai yi? Me ya kamata mu duba kafin mu tashi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya kai ku lafiya. Amma tsarin nan ku sake shi tun kafin ku ɗaure kaya, domin a ƙasar tuddai ba da kilomita ake auna tafiya ba, da hawa ake auna ta. Hanyar da ta fi kusa a taswira kuwa, sau da yawa ita ce ta fi cin rai.

Bari mu yi lissafi. Kai da kekenka da kayanka, a ce kun kai kilo 100. Mutum mai lafiya wanda ba ɗan tsere ba, da irin wannan nauyi, abin da zai iya hawa a awa ɗaya bai wuce tsayin mita 350 zuwa 400 ba, idan yana son ya kai yamma da sauran ƙarfinsa. Kilomita 80 a gudun kilomita 16 a awa, awa biyar ke nan. Idan a cikinta akwai hawan da jimillarsa ta kai mita 1,200, wanda ba abin mamaki ba ne a irin wannan ƙasa, ƙara awa uku. Awa takwas a kan sirdi, ban da hutu, ban da faci, ban da ɓatan hanya. Kada kuma ka ce gangara za ta biya ka abin da hawa ya ci. Tudun da ka yi minti arba'in kana hawansa, cikin minti shida za ka sauko, hannunka a kan birki. Rana ta farko za ku iya. Rana ta uku ce gwiwa za ta fara magana.

Saboda haka shawarata ta farko, kullum kilomita 50 zuwa 60, hawan kuma kada ya wuce mita 700 ko 800. Manhajoji irin su Komoot da OsmAnd suna nuna jimillar hawan kowace hanya da hoton tashi da saukarta. Wannan lambar ita za ku fara dubawa, kafin ta nisa.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Ka karanta taswirar ta hanyar ruwa. Shimfiɗa tafin hannunka a kan tebur ka ware yatsu: yatsun su ne tuddai, tsakankaninsu kwaruruka ne, kowane kwari da rafinsa. Wanda ya bi tsakanin yatsu biyu daga farce zuwa tafi, a hankali yake hawa, har ba ya jin yana hawa. Wanda ya ce zai yanke daga babban yatsa zuwa ƙarami, sai ya hau ya sauka sau huɗu. Hanyar da wayarku ta ce ta fi kusa, da alama irin wannan yankan ce. Kogi ya riga ya yi shekaru aru-aru yana sassaƙa wa kansa mafi sauƙin mafita, ku bi bayansa. Idan dole sai an tsallaka zuwa wani kwarin, a yi shi sau ɗaya a wuni, da safe, a wurin da tudun ya fi ƙanƙanta, galibi can kusa da mafarin rafukan biyu inda suka kusanci juna.

Shi ya sa da yawa daga cikin manyan hanyoyin keke na duniya suke manne da ruwa. Ta bakin kogin Danube daga Passau a Jamus zuwa Viyana a Ostiriya, wajen kilomita 320, har yara da dattawa suna bin ta, yawancinsu kuma ta inda ruwan ke gangarawa suke nufa. Hanyar EuroVelo 19 tana bin kogin Meuse fiye da kilomita 1,000 daga Faransa ta ratsa Beljiyam zuwa Holan, kuma ta tsakiyar tuddan Ardennes take wucewa ba tare da ta wahalar da mahayi ba.

Sai dai a kula, ba kowace hanyar da ta yi kusa da kogi a taswira ce take bakin kogin ba. Inda kwari ya matse, ruwa ya yi ta nannaɗewa tsakanin duwatsu kamar yadda kogin Semois yake yi a Ardennes ɗin, masu yin hanya ba sa bin kowace kwana. Sukan haye wuyan tudun su sauka ɗaya gefen. Ka zuƙo taswirar ka duba layukan nan masu nuna tsayin ƙasa. Idan akwai layuka uku ko huɗu a cushe tsakanin hanya da ruwa, hanyar tana can sama da kogin, kuma za ta sauko ta sake hawa a kowane ƙauye. Idan hanyar tana tafiya a gefen layukan ba ta tsallaka su, ita ce taku.

Abu na biyu da za ku nema shi ne tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta keke. Jirgi ba ya iya hawa mai tsauri, don haka da wuya layinsa ya wuce kashi 2 ko 3 cikin 100, wato tashin mita 2 ko 3 a kowace mita 100. Injiniyoyin da suka shimfiɗa shi sun riga sun fasa duwatsu sun gina gadoji, kai sai feda kawai. Vennbahn, mai tsawon kilomita 125 daga Aachen a Jamus ta gabashin Beljiyam zuwa Troisvierges a Lukzambur, irin wannan ce. Haka Great Allegheny Passage a Amurka, wajen kilomita 240 daga Pittsburgh zuwa Cumberland, wadda ta haye tsaunuka amma hawanta bai kai kashi 2 ba. Irin waɗannan hanyoyi sukan bi ta ramin dutse, don haka fitila dole ce ko da rana tsaka. Wani ramin ma rufe shi ake yi wani lokaci na shekara, kamar Big Savage da ke kan wannan hanya ta Amurka, wanda ake kullewa da hunturu. A tambaya kafin a je.

Keken kansa, abu biyu ne suka dame ni: giya da birki. Giyar hawa da kaya tana son faifan sarƙa na gaba ya fi na baya ƙanƙanta, misali haƙora 24 a gaba, 34 a baya. Da wannan, kowane zagayen feda yana tura ka kamar mita ɗaya da rabi, kana tafiya kilomita 6 a awa kana zaune, numfashinka bai sarƙe ba. Idan mafi sauƙin giyarka ta fi haka nauyi, da ka tarar da hawan kashi 10 sai dai ka sauka ka tura, tura keke mai kaya a tudu kuwa ya fi tuƙa shi gajiyarwa. Birki kuma a sa sababbin robobi kafin a tashi, a riƙe wasu a jaka. A doguwar gangara kada ka damƙe birki ka riƙe tun daga sama har ƙasa, zafi zai taru ya rage masa kamu. Matsa sosai ka rage gudu, saki ya huce, sake matsawa, kuma ka gama rage gudunka kafin ka shiga kwana. Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 45 ta fi dacewa, saboda hanyar daji takan fara da kwalta ta ƙare da tsakuwa.

Daji yana da nasa hali. Inuwa tana hana hanya bushewa, sai ka ga wurin da rana ke bugawa ƙayau, kana shiga ƙarƙashin itatuwa sai danshi da ruɓaɓɓen ganye da santsi, musamman a kwana da kan gadar katako. Inda ake saran itace, manyan motocin gungume suna bin siraran hanyoyin nan, da ka ji ƙararsu ka tsaya gefe. Duhu yana riga shiga daji da kwari kafin fili, ku tsara isa masauki da sauran rana. Sabis ɗin waya yakan ɗauke a kwari, a sauke taswirar cikin waya tun daga gida, a kuma riƙe ta takarda. A ƙauyukan tudu ana iya yin tafiya mai nisa ba shago ba famfo, kada gorar ruwa ta taɓa ƙarewa kafin a cika ta.

Kogin da na ce ku bi, shi ma a ji tsoronsa bayan ruwan sama mai yawa. Kwari matsattse yana cika cikin sa'o'i kaɗan. Ambaliyar watan Yulin 2021 a kwarin Ahr na Jamus ta tafi da gadoji da dogayen sassa na hanyar keken da ke bakin kogin. Idan kuka tarar ruwa na gudu a kan hanya, ku juya, ko da kuna hango ɗaya gefen. Tanti kuma kada a kafa shi a gaɓar ruwa, a hau sama kaɗan inda babu alamar tarkacen da ambaliya ta taɓa ratayewa a rassa.

Kafin ranar tafiya, ku ɗaure kayan nan duka yadda za ku tafi da su, ku nemi tudu mafi tsauri da za ku iya samu, ku hau ku sauko sau uku a jere. A nan za ku gane ko giyar ta isa, ko birkin yana kamawa da nauyi, da kuma abin da ya kamata a cire daga jaka. Rana ta uku a tafiyar taku kuma ku sa mata gajeriyar tafiya, kilomita 30 ko 35, a gari mai mai gyaran keke.